Ɗan Sanda da Ambaliya a Ƙaramin Gari: Inda Aikinsa Ya Fara da Inda Ya Kamata Ya Ja Baya

Duk lokacin da ruwa ya ci gari, hotunan da ke yawo kusan iri ɗaya ne: jirgi mai saukar ungulu a sama, manyan motocin agaji a jere, shugabanni cikin takalman roba sun zo jaje. Amma duk waɗannan baƙi ne, kuma ba sa isowa a daren farko. A sa'o'in da ake rasa rayuka, hanya ta yanke, gada ta nutse, an ɗauke wuta, ƙaramin gari ba shi da kowa sai mutanensa da 'yan tsirarun ma'aikatan da ke kwana a cikinsa. Cikin waɗannan ma'aikata kuwa, ɗan sanda ne wanda ofishinsa ba ya rufewa dare da rana, yana da mota, yana da rediyon oba-oba, doka kuma ta ba shi ikon tare hanya ya ce ba mai wucewa. Shi ya sa nauyin ambaliya ke faɗowa kansa, ko ya shirya ko bai shirya ba.

Sai dai su nawa ne? Ko a Amurka, inda hukumomin 'yan sanda suka kai kimanin 18,000, kusan rabin rundunonin garuruwa jami'ansu ba su kai 10 ba. Raba wannan adadi tsakanin masu aikin safe, na yamma da na dare, ka cire mai hutu da marar lafiya, sai ka tarar mutum ɗaya ko biyu ne a bakin aiki lokacin da kogi ya fara tumbatsa. Su ma 'yan garin ne, ruwan da ya shiga gidan kowa ya shiga nasu, iyalansu na cikin masu neman ceto. Wani lokaci ma ofishin kansa ne ruwa ke fara cinyewa. A watan Janairun 2005, ambaliyar Carlisle da ke arewacin Ingila ta mamaye ofishin 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana a lokaci guda, wato wuraren da ya kamata a riƙa ba da umarni daga cikinsu. A Maiduguri, da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya rusa katangar gidan gyaran hali, fursunoni 281 suka fice, aka ƙara wa jami'an tsaro aikin nemansu a kan aikin ceto.

Mutum biyu ba za su ƙwanƙwasa ƙofa dubu cikin sa'a ɗaya ba. Ƙarfin da ya rage musu shi ne mutanen gari su ji maganarsu, su kuma isar da ita gaba. A nan ne batun hulɗar 'yan sanda da jama'a ya shigo, kuma a ganina nan ne aka fi yi wa al'amarin gurguwar fahimta.

A wurare da yawa an mayar da wannan hulɗa biki: taro sau ɗaya a shekara, jawabi, hoto da manyan gari, a watse. Wannan ba ya hana kowa nutsewa. Hulɗar da ke amfani ranar ambaliya sani ce, irin wanda sai da zama da yawon ƙafa ake tara shi. Wane gida ne ke da tsohuwar da ba ta iya tashi daga gado? Wane ne kurma, wanda ko an busa jiniya ba zai ji ba? Wace unguwa ce baƙi suka fi yawa, waɗanda ba sa jin harshen da ake sanarwa da shi? Wa ke da kwale-kwale, wa ke da babbar mota, wa ke riƙe da makullin makarantar da ke kan tudu? Wane mutum ne a kowane layi wanda in ya ce a tashi, ake tashi? Japan ta daɗe da mayar da wannan sani aikin hukuma. A ƙauyukanta akwai ƙananan ofisoshin 'yan sanda da ake kira chuzaisho, inda jami'i ke zaune da iyalinsa a ginin da yake aiki, kuma yana cikin aikinsa ya riƙa bin gidaje yana gaisawa, yana cike katin da ke nuna mazauna gida da wanda za a kira in wani abu ya faru. Ba kowace ƙasa ce za ta iya kwafar wannan tsari yadda yake ba, kuma akwai tambaya mai nauyi game da wanda zai riƙe irin waɗannan bayanai da abin da zai yi da su. Amma tushen abin daidai ne, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Rashin wannan sani yana da tsada. A daren 14 zuwa 15 ga Yulin 2021, ambaliyar kwarin Ahr a Jamus ta kashe mutum sama da 130. A garin Sinzig, mutum 12 masu buƙata ta musamman sun rasu a gidan da ake kula da su, ruwa ya same su a ƙasan bene kafin a kwashe su. Sinzig na can ƙarshen kwarin, kusa da inda Ahr ke zuba cikin kogin Rhine, ma'ana ruwan ya riga ya yi sa'o'i yana ɓarna a garuruwan sama kafin ya iso. Lokaci yana nan, saƙon ne bai zama aiki ba. Haka aka sake gani a yankin Valencia na Sifaniya ranar 29 ga Oktoban 2024: hukumar hasashen yanayi ta fitar da gargaɗi mafi tsanani tun da safe, amma saƙon wayar salula bai isa hannun jama'a ba sai bayan ƙarfe 8 na dare, lokacin da ruwa ya riga ya cika tituna. Mutum sama da 220 suka rasu. A garin Paiporta, inda aka fi asarar rayuka, kusan ba a yi ruwan sama ba a ranar. Daga tudu ruwan ya gangaro ta cikin kwazazzabo. Wanda ya leƙa taga ya ga ƙasa a bushe, me zai sa ya gudu?

Wannan tambaya ita ce cibiyar maganar gargaɗi. Masu nazarin halayyar mutane a lokacin bala'i sun daɗe da lura cewa mutum ba ya jin sanarwa ya zabura nan take. Yakan tsaya ya tabbatar: ya kira ɗan'uwa, ya duba ko maƙwabta sun fara fita, ya tambayi wanda ya yarda da shi. Saboda haka saƙon da ya fito daga bakin sananne ya fi na na'ura saurin tayar da mutane. Bangladesh ta gina tsarinta kan wannan. Bayan guguwar Bhola ta 1970, wadda ta hallaka aƙalla mutum 300,000, gwamnati da ƙungiyar agaji ta Red Crescent suka kafa shirin 'yan sa kai da yanzu ke da mutum sama da 70,000, 'yan ƙauyukan da suke aiki a ciki, masu bin gida-gida da lasifikar hannu. Yawan mace-macen guguwa a ƙasar ya ragu ƙwarai tun daga nan. Ɗan sandan ƙaramin gari da ya san aikinsa irin wannan sarƙa yake ƙullawa: shi ya kira mutum 10, kowannensu ya tashi layinsa.

Amma ba kowa ne ke buɗe wa ɗan sanda ƙofa ba, kuma dole a faɗi dalili. Wanda aka saba tatsa a shingen hanya, wanda aka taɓa tsare ɗansa ba gaira ba dalili, baƙon da ba shi da takardun zama, matar da ta kai ƙara aka yi mata dariya, duk waɗannan in suka ji bugun ƙofa cikin dare suka leƙo suka ga kaki, ba ceto ne zai fara zuwa ransu ba. Kuma galibi su ne mazauna kwari da bakin rafi, don can ne fili da haya suka fi araha. Binciken da masana irin su Tom Tyler suka yi ya nuna cewa mutane sun fi bin umarnin hukuma idan sun ga ana saurarensu, ana yi musu adalci da mutunci, fiye da yadda tsoro ke sa su bi. Duk cin zarafin da aka yi a ranar da babu ruwa, bashi ne da garin zai biya a daren ambaliya.

Ka ɗauki abin da ke faruwa a bakin ƙofa. Jami'i ya tsaya ruwa ya kai masa idon sawu, ya ce: "Baba, ruwan ya haye gadar ƙasa, ka fito mu kai ka makaranta." Dattijo ya ce: "Yaro, in na fita wa zai tsare mini gidan? Dabbobina fa?" Wannan ba taurin kai ba ne, duk abin da ya tara a rayuwarsa yana cikin wannan gida. Tsawa ba ta fitar da shi. Abin da ke fitar da shi amsa ce ta gaskiya: ga inda za a kai dabbobin, ga motar sintiri da za ta riƙa zagaya layin, ga maƙwabcinsa wane ya riga ya tafi yana can yana jiransa. Jami'in da bai tanadi waɗannan amsoshi tun da wuri ba zai ɓata minti 20 a ƙofa ɗaya, ga sauran ƙofofi suna jira.

Tare hanya kuma aiki ne da ake rainawa, alhali yana cikin waɗanda suka fi ceton rai. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, na santimita 30 yana iya ɗaukar ƙaramar mota, na santimita 60 kuwa yana tafiya da yawancin motoci. A Amurka, fiye da rabin waɗanda ambaliya ke kashewa a cikin mota suke ko suna ƙoƙarin ratsa ruwa da ita. Direba ba ya ganin ko kwalta na nan a ƙarƙashi ko ruwa ya zaizaye ta. Mai tsayuwa a wurin ma ransa na cikin haɗari: a watan Nuwamban 2009, a garin Workington na Ingila, ɗan sanda Bill Barker yana kan gadar Northside yana mayar da motoci baya gadar ta rufta da shi.

Game da ceto, gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce maƙwabta ne ke fitar da mafi yawan mutane. A Lismore ta Ostiraliya, ranar 28 ga Fabrairun 2022, kogi ya kai mita 14.4, ya zarce duk abin da aka taɓa gani da kusan mita 2, kuma mazauna gari ne suka fito da ƙananan jiragensu na kamun kifi suna sauko da mutane daga rufin gidaje. Hukuma na da hujjar jin tsoron irin wannan, don mai ceto marar horo na iya zama wanda za a ceta. Amma korarsu ba mafita ba ce. Abin da ya fi shi ne a tsara su: a raba musu unguwanni, a rubuta sunan kowane jirgi da wanda ke cikinsa, a tanadi wuri guda da za a riƙa sauke mutane ana rubuta sunayensu. Wannan rajista ɗaya tak, ta waɗanda aka gani da waɗanda ake nema, tana hana a yi ta komawa gidan da aka riga aka kwashe, tana kuma rage wa iyalai azabar yawo daga matsuguni zuwa asibiti suna cigiya.

Sai maganar wawaso, wadda ta fi kowace saurin karkatar da 'yan sanda daga abin da ya fi muhimmanci. Cibiyar binciken bala'o'i da Enrico Quarantelli da abokan aikinsa suka kafa a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka a 1963 ta shafe shekaru tana bin diddigin wuraren da bala'i ya afka wa, abin da ta yi ta samu kuwa shi ne jita-jitar kwasar ganima ta fi ainihin kwasar yawa nesa ba kusa ba, kuma taimakon juna ne ya fi rinjaye. Guguwar Katrina ta 2005 ta nuna abin da gaskata jita-jita ke jawowa. An yi sata, ba a musu, amma labaran kisa da fyaɗe da aka yi ta yaɗawa game da matsugunan birnin New Orleans na Amurka daga baya aka gano yawancinsu ba su da tushe. A kan irin waɗannan labarai aka janye 'yan sanda kimanin 1,500 daga aikin ceto aka mayar da su farautar ɓarayi. Jami'an ƙaramin garin Gretna, maƙwabcin New Orleans, suka tare gada suka hana masu gudun ruwa tsallakawa. A gadar Danziger da ke cikin New Orleans, 'yan sanda suka harbi mutum 6 da ba su ɗauke da makami, 2 suka mutu. Sintiri a unguwannin da aka kwashe wajibi ne, don alkawarin da aka yi wa wancan dattijo ke nan. Amma mai ɗaukar ruwan sha da madarar jariri daga shagon da ruwa ya fasa ba shi ne matsalar garin a wannan mako ba.

Idan ruwa ya janye, kyamarori suka tafi, sai a shiga matakin da ya fi tsawo, wanda kuma a nan ne amana ta fi saurin karyewa. Mutane sun koma gidaje cike da laka, rijiyoyi sun gurɓata, kwalara na barazana, bango ya fara fumfuna cikin kwana ɗaya zuwa biyu, wasu sun kunna janareta a cikin ɗaki hayaƙinsa na kashe su cikin barci. A matsugunai an cakuɗa maza da mata da yara a ɗaki ɗaya, kuma an sha ganin cin zarafin mata da rikicin cikin gida na ƙaruwa bayan bala'i. Fitila a hanyar banɗaki da jami'a mace da za a iya kai wa ƙara sun fi motar sulke amfani a irin wannan wuri.

Tallafi kuwa duk inda ka je a duniya ta ƙofa ɗaya yake shigowa, wato jerin sunaye. Wanda sunansa ya shiga ya samu, wanda bai shiga ba ya rasa, komai girman asararsa. Tsarin Amurka misali ne mai kyau don a rubuce yake dalla-dalla. Bayan shugaban ƙasa ya ayyana bala'i ƙarƙashin dokar Stafford ta 1988, magidanta na da kwana 60 a al'ada su yi rajista da FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya. Gwamnatin tarayya na biyan aƙalla kashi 75 cikin 100 na gyaran hanyoyi da gine-ginen gwamnati, amma sai gari ya kawo shaidar abin da ya kashe, har da sa'o'in ƙarin aiki na kowane ɗan sanda. Ƙaramin garin da akawunsa ɗaya ne, kuma shi ma gidansa na cikin ruwa, yakan yi asarar kuɗin da ya cancanta don kawai ba wanda ya rubuta. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai an sayi ta daban, ita ma sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki. Da yawa ba sa sanin haka sai sun je karɓar diyya.

Tsaya kusa da teburin rajista ka ga yadda ake faɗuwa. Mace ta zo da jaka, ta zaro takardu sun manne da juna, tawada ta narke. Ana tambayarta katin shaida, ya tafi da ruwa. Ana tambayarta takardar gida, gidan gado ne tun daga kakan mijinta, ba a taɓa sauya suna ba. Na bayanta ɗan haya ne, mai gidan da ke zaune a wani gari ya riga ya yi rajista da adireshin. Irin wannan ta hana dubban iyalai tallafi a Puerto Rico bayan guguwar Maria ta 2017, da kuma baƙaƙen fata masu gidajen gado a jihohin kudancin ƙasar Amurka, har sai da FEMA ta sassauta ƙa'idar a 2021 ta fara karɓar wasu shaidu, kamar rasitin gyaran gida ko wasiƙar jami'in gwamnati. A nan ɗan sandan gari na da abin bayarwa wanda baƙon ma'aikacin agaji ba shi da shi. Ya san wannan mata a wannan gida take. Yana iya kai teburin ba da takardar shaidar ɓatan kaya har cikin matsuguni, kyauta, maimakon ya jira mutane su yi layi a caji ofis. Ya san wanda bai zo ba sam, don ba ya iya tafiya ko yana jin kunyar roƙo.

Ya kuma san baƙuwar fuska. Bayan kowace ambaliya 'yan damfara na biyo sawu: ɗan kwangilar da zai karɓi kafin alƙalami ya ɓace, mai shigar ma'aikacin agaji yana neman lambar asusun banki, mai kafa gidauniyar bogi a intanet da hotunan garin. Ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya ƙiyasta a 2006 cewa tsakanin dala miliyan 600 da biliyan 1.4 na tallafin guguwar Katrina da Rita an biya su ba bisa ƙa'ida ba ko ta hanyar zamba. Sanarwa ɗaya da za a yi ta maimaitawa, cewa ba a biyan ko kwabo don shiga rajista kuma ma'aikacin gaskiya yana da katin da za a iya tantancewa, tana toshe ƙofofi da yawa.

To amma a nan ne nake ganin ya kamata ɗan sanda ya ja baya, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi wuyar karɓa ga jami'in da ya yi kwanaki yana riƙe da garin. Kada jerin sunaye ya zauna a hannunsa, kada makullin ɗakin ajiyar kayan agaji ya kwana a aljihunsa. Dalili a fili yake: shi ne wanda za a kai wa ƙara idan aka karkatar da kaya. In shi ne mai rabo, wa za a kai wa ƙararsa? A ƙaramin gari kowa ɗan'uwan wani ne, ko da ya yi rabon tsakani da Allah sai an ce ya fifita danginsa, kuma zargin zai bi shi shekaru. Sannan waɗanda ke tsoron kaki, waɗanda muka ambata a baya, ba za su zo su rubuta sunansu da adireshinsu a gabansa ba. Birtaniya ta raba wannan aiki a tsarin da ta gina kan dokarta ta tinkarar bala'o'i ta 2004: a yawancin lokuta 'yan sanda ne ke jagorantar haɗin gwiwar hukumomi yayin da rai ke cikin haɗari, da an wuce wannan mataki sai a miƙa ragama a hukumance ga ƙaramar hukuma ta jagoranci farfaɗowa. Abin da ya rage wa ɗan sanda shi ne ya tsare tsarin: a liƙa jerin sunaye a inda kowa zai gani ya yi gyara, a raba wuraren rabo da ranaku don kada turmutsitsi ya kashe waɗanda ruwa ya bari, a ba tsofaffi da masu ciki layinsu, duk wanda aka kama da buhun da ba nasa ba kuma a bincike shi ko wane ne shi.

Akwai sauran rigima guda da ke jiran garin bayan watanni, ita ce ta komawa kwari. Hukuma za ta ce ba a sake gini a hanyar ruwa, kuma tana da gaskiya. Mutanen da ba a ba su wani fili ba za su koma su gina, su ma ba su da zaɓi. Daga nan sai a turo ɗan sandan da ya fito da su daga ruwa ya raka motar rusau. Garin Valmeyer na jihar Illinois a Amurka, mai mutum kimanin 900, ya bi wata hanya bayan kogin Mississippi ya shanye shi a 1993: mazauna suka zauna suka amince da ƙaura, aka samo fili a kan tudu mai nisan kimanin kilomita 3, aka gina sabon gari da makarantarsa da wuraren ibadarsa, sannan aka bar tsohon wurin. Abin ya ɗauki shekaru, wasu iyalai sun gaji da jira sun koma wasu garuruwa, amma ba a tashi kowa da ƙarfin kaki ba, don an nuna wa mutane inda za su kafin a ce su bar inda suke.